Kwalayen Malam Yohanna

Agege, Legas
Maris, 1998

Yaya Lawwali,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Tsafe? Ni lafiya lau, ina nan shagon hayar kaset ɗin da na faɗa muku. Sai dai yanzu ba ni ke tsayawa gaban kanta ba.

Ka tuna wasanmu a shagon Malam Yohanna na bakin tasha? Ya rufe hoton kwalin kaset da tafin hannu, ya karanta ɗan layin tallan da ke ƙasa, ni kuma in zayyano fim ɗin kafin ya rufe baki. Da wannan na cika wa maigidana na nan baki, shi kuwa ya gwada ni gaban masu haya. Ya karanta layi, na ce na yaƙi ne, ashe na soyayya ne. Ya ƙara, na ƙara shan ƙasa. Yaya, ashe gwanjon kaset Malam Yohanna ke sayowa, kwalin da ya samu duk sai ya zura. Abin da na haddace ke nan shekara da shekaru. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena.

Yanzu ina bayan shago, ina mayar da zaren kaset baya. Ba komai, ina ci ina sha.

In an samu mai zuwa, a aiko mini da daddawa. Kada Inna ta ji wanga zance. Shi ma Malam Yohanna kada ka faɗa masa, don na ji har yanzu yana nuna wa mutane bencin da nake zama.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Halliru