Adireshin Gidan Renon Ƙauyenmu

Litinin, 6 ga Maris
'Yata Femke ta haihu. Mace, Benthe. Na karɓe ta a hankali kamar ƙwai, ni da na shekara arba'in ina ɗaukar buhunan dankali. Na kafa shamuwar katako a ƙofar gida, alamar an yi haihuwa a al'adarmu, ta karkace, na bar ta a haka. Na zama kaka. Bari in sake rubutawa in gani: na zama kaka.

Alhamis, 9 ga Maris
Femke ta shiga intanet za ta nema wa jaririya gurbi a gidan renon ƙauyenmu, sai na ga ta rufe kwamfuta da sauri. Ashe an manta ba a sabunta adireshin shafin gidan renon ba, wani kamfanin finafinan batsa ya saye. Adireshin da ke rubuce a rigunan yara. Hukumar rabon adireshi ta ce ba a karya doka ba, amma tana jin ra'ayin jama'a zuwa ƙarshen Afrilu kan sabuwar ƙa'ida: adireshin makaranta ko gidan reno kada a sayar wa irin waɗannan, wanda aka riga aka sayar kuma a dawo da shi.
Da ni ne, in tattara masu sana'ar nan kaf in zuba a teku.

Asabar, 18 ga Maris
'Yan barka sun cika gida. A al'ada kowa dole ya ci busasshen burodi mai alewar ruwan hoda, to na ce sai an sa hannu a takardar koken da na rubuta wa hukumar tukuna. Maƙwabcina Harm ya ce, "Farfesa, yanzu burodin ma sai da takarda?" Haka yake kirana tun da na shiga makarantar yamma ina ɗan hamsin da ɗaya. Na ce sa hannu ka ci, tsohon banza. "Mutanen birni za su naɗe kifi da ita," in ji shi. Ya dai sa. Ya ci uku.

Talata, 4 ga Afrilu
Na yi wauta. Mutum ɗari uku da sha biyu a ƙarƙashin wasiƙa ɗaya, ashe hukumar ra'ayi ɗaya za ta ƙirga. Femke ta ce, "Baba, kowa sai ya faɗi nasa da bakinsa." Ban iya cin abincin rana ba.

Laraba, 5 ga Afrilu
Aukje, matata, da tsintsiya a hannu: "Kai da ka koyi rubutu da furfura, ai yanzu ka ga ranarsa. Ɗaga ƙafa in share."

Juma'a, 21 ga Afrilu
Gida-gida a kan keke, iska na ture ni. Tsofaffi su faɗa, in rubuta, Femke ta aika. Wasiƙar Harm layi biyu ce, ɗaya zagi. Mun kai ɗari da arba'in. Benthe ta yi mini murmushi, uwarta ta ce iska ce a ciki. Ita ta sani.

Talata, 16 ga Mayu
Taron hukuma a birni. Na karanta wasiƙata, na yi tuntuɓe sau biyu, matar da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwa. Marloes sunanta. Can aka kira ta, ashe ita ce ke magana da yawun ƙungiyar masu finafinan batsar. Na ja kujerata gefe.
Ta ce wa hukumar, "Mu manya muke nema, ba iyayen da suka ɓata hanya ba. Ɗana yana aji biyu. Ku sa ƙa'idar."
Da aka tashi shan kofi ta ce, "Kaka, wannan jan kujera, saura kaɗan ka faɗa ta taga." Na ce kujerar ce mai gurguwar ƙafa. Ta yi dariya. Ni ban yi ba, ko kuma kaɗan.

Juma'a, 9 ga Yuni
An sa ƙa'idar. Adireshin zai dawo a Agusta, Benthe za ta fara zuwa a Satumba. Shugaban taron ma ya ambaci ƙauyenmu. Harm na yawo yana cewa wasiƙarsa ce ta yi aiki.
Na wuni ina rubuta katin godiya ga duk wanda ya taimaka. Aukje na liƙa kan sarki, ta tsaya a kan ambulan ɗaya.
"Wace ce kuma Marloes?"
Na ce wata uwa ce da ta yi magana a taro.
Ai ba ƙarya na yi ba.