Motar da Ta Ƙi Rarrafe

Gangara, 6 ga Disamba, 2010

Zuwa ga 'yata Raliya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Gidan Rumji baki ɗaya. Tarin ya saki ƙaramar? Mu nan jiki lafiya, amma raina a ɓace yake. Ki yi haƙuri da rubutun.

An karɓe makullin mota daga hannun ƙanenki Ilyasu. Kin san Alhaji Jika na Gazawa, wanda yake yi wa tuƙi shekara shida, ya shiga neman kujerar konseye, wato kansila, tunda sojoji suka ce za su mayar da mulki. Don yawon kamfe ya sayo mota daga Kwatano, irin mai canza gudu da kanta. Ilyasu ya ce min idan wuri ya matse, ƙafa kawai yake ɗagawa daga birki, sai ta riƙa rarrafe kamar jariri.

Ran kasuwa ya ɗauko ni daga Gazawa da izinin Alhaji, ya sa ni gaba. Cikin motar nan rubutu ne ko'ina. A shingen jandarma yana leƙe ta taga yana nuna takardu, ni kuwa ina ta bin haruffa da yatsa, yadda Malama Asama'u ta koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Duk na gane su.

Da muka iso lungunmu ya tsaya zai juya da baya. Ya ɗaga ƙafa, mota ta ƙi motsi. Ya sake, ta ƙi. Da ya taka totur sai ta zabura, ta daki rumbun maƙwabcinmu Bappa. Rumbu ya tsage, damman gero suka zubo. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi.

Kafin la'asar gari ya ɗauka wai Ilyasu ƙwaya yake sha. Yaron da ko goro ba ya ci! 'Yan ɗaya jam'iyyar har sun sa shi a waƙa. Alhaji ko tambayarsa bai yi ba, ya miƙa wa Mudi ɗan ƙanwarsa makulli. Daga nan har Agiye, wa zai sake ba wanda aka kira ɗan ƙwaya mota?

Maigidanki makanike ne, ki tambayar min shi. Ilyasu ya ce ya ga wata koriyar fitila a gaban sitiyari da bai saba gani ba. Na zana ta a bayan takardar nan.

Allah ya yi muku albarka.

Innarki, Maryama

Gangara, 15 ga Disamba, 2010

'Yata Raliya,

Ina gaishe ku, ya sanyi, ya yara? Ki yi wa maigidanki godiya, amsarsa ta iso. Sau uku na karanta ta.

Ya ce akwai maɓalli tsakanin kujerun gaba. Idan an danna shi, mota da ta tsaya sai ta riƙe birki da kanta, ko an ɗaga ƙafa, har sai an taka totur. Ya ce yana da amfani a cunkoson Maraɗi, amma wajen juyi a lungu kashe shi ake yi, in ba haka ba direban da bai sani ba zai taka da ƙarfi. Ya rubuta haruffan da ke kansa.

Raliya, na san haruffan nan. Yatsana ya bi su a shingen jandarma. Har na ji abin ya yi ƙas, na janye hannu.

Wane irin mutane ne za su rubuta abu ɓaro-ɓaro kusa da hannun mutum, alhali taɓa shi na iya rusa rumbu? Da wuƙa ce ai da an sa mata kube.

Ban gaya wa Ilyasu ba tukuna. Kullum yana can yana kwaɓa ƙasa yana gyaran rumbun Bappa, ba ya ɗaga kai idan an wuce. Tuwo ma kaɗan yake taɓawa. Kin san yadda dangin babanki suka yi min dariya ran da na ɗauki alli da furfura a kaina. Idan wannan magana ta fita, sun samu ta shekara. Ki sa ni a addu'a.

Innarki, Maryama

Gangara, 20 ga Disamba, 2010

'Yata Raliya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki sumbaci ƙaramar.

Ran Juma'a na hau kabu-kabu zuwa Gazawa. Na tarar da ƙofar gidan Alhaji cike da 'yan kamfe, motar tana tsaye. Aka ce in shiga wajen mata, na ƙi. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce: "Alhaji, ɗana bai sha komai ba. Ni na danna, ina koyon karatu."

Aka fashe da dariya. Na bari suka gama, na karanta musu takardar maigidanki da bakina, ban tsallake layi ba. Na roƙa Mudi ya shiga ya gwada. Ya danna, mota ta kafe. Ya kashe, ta yi rarrafe. Shi ma ashe bai san da abin ba, kwana goma sha biyu yana yawo da Alhaji a ciki.

Alhaji ya ce a kira Ilyasu ya karɓi makulli. Na ce makulli kaɗai bai isa ba, tunda a kasuwa aka ɓata shi. Sai da na tsaya har aka faɗa a lasifikar kamfe cewa Ilyasu ba shi da laifi, aka kuma sake faɗa a kasuwar Gangara. Haƙuri dai har yau Alhaji bai ba shi ba, kuma ban manta ba.

Yanzu waƙar ta dawo kaina, har yara na nuna min yatsa. Su yi ta yi. Ilyasu ya cinye tuwonsa jiya ya nemi ƙari. Ya ce daga yau kujerar baya zan riƙa zama. Na ce gaba zan zauna, in harɗe hannuwa, in karanta da ido.

Gobe akwai aji, kuma za ni.

Taki har kullum,
Innarki, Maryama