Hoton Yaya a Bakin Keken Ɗinkinta

Zuwa ga ɗana, ɗan Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Ya kuma sanya albarka cikin aikin da ya nisanta ka da mu. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, duk ranar da gari ya yi sanyi sai ta tuna mini da shekaruna, amma ina taka ƙasa da ƙafata. Maiɗakina ta warware daga murar da ta kwantar da ita. Mahaifiyarka kuma, Yaya, tana cin abinci tana barci, bakinta bai rage kaifi ba ko kaɗan. Ganinta ne kawai yake ƙara ja da baya, kamar yadda likita ya faɗa mana tun bara.

Dalilin wannan takarda shi ne wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma zan shimfiɗa maka shi tun daga tushe domin kada ka ɗauke shi rigimar tsufa. Wata goma sha ɗaya ke nan da ka aiko mini da kyamara, lokacin da na ajiye aikin safiyo bayan shekara talatin da huɗu ina auna filayen mutane. Ka ce in sami abin da zai riƙa fitar da ni daga ɗaki. Ban ɗauki kyautar da wasa ba. Na kai kaina wurin mai shagon hoton da ke bakin titinmu, wanda kowa ke kira Tsaya-Haka, na zauna gabansa kamar ɗalibi duk da na girme shi da shekara ashirin. Ya koya mini cewa abu uku ne ke haɗuwa su yi hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da saurin ƙiftawar kyamara, da kaifin yadda take jin haske. In ka taɓa ɗaya, dole ka lallashi sauran biyun. Na sayi littafi mai layi, kowane hoto na ɗauka sai in rubuta lambobinsa da lokaci da tazara. Na ɗauki ƙofar gida, na ɗauki tukwanen fure, na ɗauki kyanwar maƙwabta har ta gane ni, ta riƙa juya mini baya. A wata na shida Tsaya-Haka ya ce hannuna ya fara zama, ni ma na fara jin kaina wani abu.

Sai ga saƙonka cewa ranar Asabar ta ƙarshen watan nan za ka zo ka ɗauki Yaya ta koma wurinka da zama, a ba maƙwabciyarta keken ɗinki, a saka ɗan haya a ɗakin. Ban ga laifin wannan shawara ba, kuma Allah Ya saka maka da alheri, domin wadda ba ta ganin matakala bai kamata ta zauna ita kaɗai ba. Amma tun ranar da na karanta saƙon na ƙudurta abu guda: ba za ta bar ɗakin nan ba sai na ɗauke ta hoto a bakin kekenta, kusa da tagar da ta shekara arba'in da bakwai tana ɗinki. A wannan kujera ta ɗinka maka rigar makaranta ta farko, a nan ta ɗinka wandon da na sa na je neman aiki. Mahaifiyarmu ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kuma ina gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: yau in na rufe ido ina neman fuskarta, ba ta zo mini. Ba na son 'ya'yanka su wayi gari a irin wannan hali.

Na zaci aikin yini ɗaya ne. Yau kwana goma sha tara. Ka san yadda ɗakin yake: tagar tana bayan kafaɗarta ta dama, haske yana sauka a kan allura, fuskarta kuwa tana cikin inuwa. Hotunan ranar farko da na kai wa Tsaya-Haka, ya duba ya duba, ya tambaye ni ko buhu na ɗora a kan kujera, domin taga ta fito tas har da ƙarafunanta, Yaya kuwa baƙin dunƙule. Na koma na kunna filasha. Fuskarta ta fito fari fat kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa, tabarau ɗinta ya zama fitila biyu, ita kuma ta yi kwatan awa tana ganin kore-kore, ta ce ɗan ganin da ya rage mata nake so in ƙarasa. Na ji kunya ƙwarai, na yi alkawarin ba zan sake ba. Na buɗe ƙofar haske sosai, sai taga ta ƙone ta cinye gefen kanta. Na rage saurin ƙiftawa, sai hannunta da ke jan ƙyalle ya zama hayaƙi. Na roƙe ta mu juya keken ya fuskanci taga, ta nuna mini ramuka huɗu da ƙafafunsa suka yi a siminti, ta ce keken da bai matsa ba ranar da aka haife ka ba zai matsa saboda abin wasan da aka aiko wa ƙaninta ba.

Matsalar haske ita ce ƙarama, ta mutane ta fi ta. Ƙanwarka Auta, Allah Ya shirya mana ita, da ta ji za a ɗauki hoto sai ta zo tun da safe ta share ɗakin ƙal. Ta kwashe ƙyallayen da ke ƙasa, ta ɓoye gwangwanin maɓallai, ta cire tef ɗin awo daga wuyan Yaya, ta rataya sabon labule mai furanni, ta shafa mata hoda, ta sa mata kayan fita. Na shigo na tarar da wata baƙuwa a zaune a ɗakin da ban sani ba. Da na yi magana, Auta ta ce wai so nake a ga uwarta cikin tsumma, ta zaro waya ta ɗauki hoto goma kafin in buɗe ƙafafun abin ɗora kyamara, ta ce ga shi an gama, Kawu ya huta. Na duba hotunan. Sun yi kyau, ban musa ba, sai dai wayar ta goge wa Yaya duk wani layi da ke goshinta, ta mai da ita 'yar shekara arba'in. Ita kanta Yaya da zarar na ɗaga kyamara sai ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta miƙe wuya, ta haɗe baki kamar mai jiran hukunci. Kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba. Hali ya bi jiki: nakan ja tef daga idon kyamara zuwa kan hancinta in rubuta, in koma in gyara, in sake aunawa. Ranar nan ta ce da ni ita ba fili ba ce da za a raba wa magada, in zan dasa mata turaku in faɗa tun da wuri ta kira shaidu. Maiɗakina, da ta raka ni ranar, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ranar Talatar makon jiya, da misalin ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na je ba da shiri ba. Auta ba ta zo ba, ɗakin ya koma yadda yake. Yaya tana gyara wa maƙwabciya wani baƙin siket, ta manta da ni, ta sunkuya tana yanke zare da haƙori. Na danna sau ɗaya. Da na duba, sai ga shi haske mai laushi ya kwanta a kumatunta, kowane layi na fuskar ya fito, taga ba ta ƙone ba. Sai dai da Tsaya-Haka ya faɗaɗa shi a kan babban allo, muka ga kyamara ta kafa ido a kan almakashin da ke gaba. Almakashi ya fito har ana karanta rubutun jikinsa, fuskar Yaya kuwa ta ɗan dushe kamar ana hango ta ta gilashin da aka hura wa numfashi. Na ce ba komai, lambobin suna cikin littafi. Kwana biyar a jere ina komawa, lokaci ɗaya, tazara ɗaya, lambobi ɗaya, kullum buhu nake samu. Tsaya-Haka ya fara zargin batir, ya koma kan idon kyamara, daga ƙarshe ya ce wataƙila hannuna ne ke rawa. Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina riƙe ma'auni cikin iska! Na dawo gida na sa kyamarar a jaka, na kwana biyu ban taɓa ta ba.

Yaya ce ta aiko a kira ni. Ta tambaye ni me ya hana ni zuwa, na gaya mata gaskiya. Ta tambaya wace rana ce hoton ya yi kyau, na ce Talata. Ta tambaya me take ɗinkawa, na ce baƙin siket. Sai ta girgiza kai, ta ce ashe duk rubuce-rubucen nan nawa ban taɓa ɗaga kai na dubi tsakar gida ba. Ta ce tun tana amarya ta lura cewa in an shanya farin zanin gado a igiyar da ke gaban ƙofarta, rana takan buge shi da yamma ya jefo haske cikin ɗaki ta gaba. Saboda haka duk ranar da za ta ɗinka baƙin yadi, sai ta wanke farin zanin ta shanya, ko da bai yi datti ba, domin ta ga inda zare ke bi. Shekara arba'in da bakwai maƙwabta suna cewa tsabta ce ta yi mata yawa. Na koma na duba littafina: na rubuta lokaci, na rubuta tazara har da rabin inci, ban rubuta zanin gado ba. Da na gaya wa Tsaya-Haka, ya kama baki ya ce ai suna da wani farin faifai da ake sayarwa domin wannan aiki, shi ne ya manta bai faɗa mini ba.

Kada ka zaci an gama. Washegari na je da murnata, na tarar Auta ta fara ɗaure kaya saboda zuwanka. Farin zanin yana can ƙasan babban akwati, an naɗe kwanukan tangaram da shi. Igiyar shanya ta kwance ta, ta yanka gida uku, ta ɗaure kwalaye. Mijin maƙwabciya kuma ya zo da sukuddireba ya cire kan keken ya kai gidansu, wai domin ya rage aiki ranar tafiya, ya bar mana teburi da rami a tsakiya. Na aro zani daga maiɗakina, na sayo igiya, na je na roƙo a dawo da kan keken, sai hadari ya rufe gari. Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo da yamma ba, kuma kwana bakwai suka rage ka zo. Ban taɓa jin takaicin gajimare ba sai a wannan mako.

Shekaranjiya na wanke hoton nan na Talata babba, na kai mata, ina ba ta haƙuri cewa fuskar ba ta fito sosai ba. Ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe tana dubawa, ta shafa wurin almakashin da yatsa. Sannan ta ce kada in damu saboda ita, domin yanzu kowa haka take ganinsa, har ni da nake tsaye a gabanta. Ta ce amma in daure in yi wani mai kyau saboda masu ido, kuma wannan karon ba za ta ɗauke ƙafa daga keke ba. Na fita tsakar gida na tsaya ina gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce ina yi mata godiya tun yanzu bisa ɗawainiyar da za ta ɗauka. Ka shafa mini kan babban ɗanka, Babban Yaya, da 'yan biyu. Maiɗakina tana gaishe ku, Tsaya-Haka ma ya ce in miƙa gaisuwarsa ga wanda ya jawo masa ɗalibi mai taurin kai.

A ƙarshe, ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan abu huɗu, kuma ina roƙo ne, ba umarni nake bayarwa ba. Kai, ka ɗaga zuwanka da kwana goma in aikinka zai bari. Auta, ka kira ta da kanka, domin maganarka take ji, ka ce kada ta share ɗakin, kada ta taɓa igiya, hodar kuma ta bar ta a gida. Maƙwabciya da mijinta su yi haƙuri da keken har ranar da mota za ta tsaya a ƙofa. Ni kuma na ɗauki alkawarin barin tef ɗina a aljihu. Minti ashirin na rana nake nema, da farin zani a kan igiya, da Yaya tana ɗinki ta manta da ni. In Allah Ya ba mu wannan, ka zo ka ɗauki mahaifiyarka, ni da kaina zan riƙe mata hannu ta sauka matakala.

Ina jiran amsarka kafin Juma'a. Allah Ya yi maka albarka.

Naka,
Kawunka