Magen da Auta Ta Haɗiye

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan da sauƙi. Ina nan ina gugar kayan mutane, maman yara tana ɗinkinta, ɗanmu Babba ya shiga aji huɗu.

Maganar Auta ce ta sa na rubuto. Kwanakin baya muka riƙa jin kukan 'yar mage a ɗaki. Muka ɗaga gado, muka zazzage kwandon kaya, har na zargi maƙwabcinmu mai janareto cewa tasa ce. Ashe daga ƙirjin Auta kukan yake fitowa. Ita dariya ma ta yi, wai ta haɗiye mage. Ran nan tana wasa gindin teburin guga sai numfashinta ya sarƙe, leɓɓanta suka yi duhu. Na saɓa ta a kafaɗa sai asibiti.

Sun ce asma ce. Malamar asibitin ta yi ta jero tambayoyi: ko muna hura gawayi a ɗaki, ko muna kunna maganin sauro, ko bango yana danshi, ko tagarmu tana kallon titi, ko akwai kyankyasai. Yaya, ban taɓa cin jarrabawa haka ba, duk amsar e ce. Ta ba mu abin shaƙa, ta ce mu kawar da abin da zai kawu.

Na dawo na zauna ina kallon ɗakin. Dutsen guga da gawayinsa su ne abincinmu. Titi ba nawa ba ne, janareto ba nawa ba, bango na mai gidan haya ne. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, har yau kuwa haka nake, ina guga kamar da hannun wani. Abu ɗaya na ga zai ɗauku a ɗakin nan, Auta ce.

Don Allah ki karɓe ta, ku wajenku akwai fili da iska. Mamanta ta yarda, ko in ce ta yi shiru. Auta ta tambaya ko magen za ta bi ta, na ce a nan za ta bar min ita.

Ki gai da maigidan, da Goggo, da Dogo sarkin ƙiriniya. Ki faɗa min ranar da zan kawo ta. Kayanta na goge su tuni, a waje, don kada su ɗauki hayaƙi.

Ƙaninki,
Baban Auta