Tabon Kwanonin Ramlatu

Litinin, 12 ga Mayu
Dangin matata Ramlatu sun kwashe kayan ɗakinta bayan rabon gado. Ban hana ba, haƙƙinsu ne. Da suka tafi na shiga. Bango ya dushe ko'ina, sai wuraren da kaya suka rufe: da'ira-da'ira inda ta rataye kwanoni, dogon murabba'i inda gado ya jingina, siririn layi a mazaunin madubi. A nan shuɗin yana nan sabo fil, kamar ranar da ta tare. Na daɗe a tsaye.

Alhamis, 15 ga Mayu
Na fara zana bangon a kan tablo, allon zanena. Ni da na ƙare rayuwata ina kwafar zankwaye da zanen ƙofofin gidajen unguwar Birni, ashe babban aikin yana cikin gidana.

Lahadi, 18 ga Mayu
Yaya Safiya ta zo daga Mirriya. Wai za a shafe ɗakin da farar ƙasa kafin Babbar Sallah, 'yarta Rahina za ta zauna a ciki ta yi karatun jinya. "Ɗan Azumi, ɗakin mamaci ba a barinsa haka, ka sani." Na sani. Na ce ta bari in gama. Ta dubi tablon ta ce, "Faifai kake zanawa?" Raina ya ɓaci.

Talata, 20 ga Mayu
Shayi ni kaɗai. Har yanzu kofi biyu nake ɗaurayewa.

Juma'a, 23 ga Mayu
Na aika wa Khalid, mai baje zane-zane a Yamai, hoton aikin. Ya ce ya yi kyau, tsaf, babu mutum a ciki, irin wanda ake so a manyan ofisoshi. Babu mutum! Ƙaramar da'irar gefen hagu kwanon da Ramlatu take ajiye mini fura ne. Ban gaya masa ba.

Talata, 27 ga Mayu
Shuɗin ya ƙi fita. Na haɗa, na goge, na sake haɗawa. Tsorona shi ne a shafe bangon ban kamo launin ba, in rasa inda zan duba. Muryarta ma ta fara ɓace mini. Kewa ta ishe ni, gaskiya ke nan.

Asabar, 31 ga Mayu
Rahina ta iso da akwatinta, tana kwana a ɗakin girki saboda taurin kaina. Ta leƙo, ta nuna ƙaramar da'irar a tablo. "Kawu, wannan ba kwanon furarka ba ne? Mai murfin nan da ya lotsa?" Na ce ta je ta ɗora ruwa. Sai da ta fita na goge ido.

Litinin, 2 ga Yuni
Mun shafe ɗakin. Ni na jiƙa farar ƙasar, ban yarda kowa ya taɓa bangon gabas, na kwanonin, ba sai ni. Shuɗin tablon bai yi daidai ba, na bar shi haka. Na ce wa Khalid ba na sayarwa ba ne. Rahina ta buga ƙusa ta rataye madubinta, ba inda na Ramlatu yake ba.

Da la'asar na ɗauraye kofi biyu. Ta ce sukari ya yi yawa.