Rabon Maruƙa

Daga Suwaibatu 'yar Malam Datti, a Toranke, zuwa ga ɗan ƙanena Lurwanu, a Gaya. Gaisuwa da aminci.

Bayan haka, shekarata saba'in da huɗu, gwiwoyina sun ƙi tafiya, amma idona yana ganin rubutu, hankalina kuma yana nan. Ba tausayi nake nema ba, kada ka aiko mini da shi.

Maganar garke ce, wanda shanuna da na mahaifinka suke haɗe a cikinsa tun rasuwarsa. Gwadabe, makiyayin da ka aiko, yana tatse kan nono huɗu ƙaf. Mu a gidan nan biyu muke tatsa, biyu na maraƙi ne. Na karantar da matan garin nan shekaru masu yawa cewa abin da ɗan dabba yake bukata ba halalinmu ba ne, yau ga shi ana yi a ƙofar ɗakina. Maruƙa uku sun mutu a kan dangwali, igiyar da ake ɗaure su. Gwadabe ya feɗe su, ya cusa ciyawa a fatun, yana ajiye wa uwayen su lasa don su saki nono. Gonaki kuma sun toshe burtali, shanu suna tsaye cikin taɓo, sai abin da aka yanko musu.

Ka umarce shi ya bar wa maruƙa rabonsu, ko ka zo a ware nawa. Haza wasalam.

*

Daga Lurwanu zuwa ga Goggo Suwaibatu. Gaisuwa mai yawa da durƙuso. Allah ya ƙara miki lafiya.

Goggo, ke da faɗa har abada! Na karanta wa maƙwabcina takardarki, ya ce ko alkali ba ya jera magana haka.

Ki yi haƙuri. Ayarin fatake ya sauka a Gaya, na yi musu alkawarin man shanu har su tashi, kuma ba a taɓa sayensa da daraja irin ta bana ba. Idan aka bar wa maruƙa rabi, me za a kaɗa? Maraƙi ai wata shekara a haifi wani.

Rabuwa kuwa ba yanzu ba. Gwadabe ya ce shanun nan, har da na Baba, ba sa sakin nono sosai sai sun ji muryarki. Ki daure ki riƙa fitowa lokacin tatsa, zuwa kaka. Ga goro da zane na aiko. Ɗanki mai biyayya. Wasalam.

*

Daga Suwaibatu zuwa ga Lurwanu. Aminci.

Zane ya iso, ga shi na mayar. Goron na raba wa ɗalibaina.

Ka ce a haifi wani. Saniyar da ta rame ba ta ɗaukar ciki, wadda ta rasa ɗa kuwa kafewa take yi. Ƙwaryar da take cika a farkon damina, yanzu ba ta kai rabi, alhali ana tatse huɗu. Ka tambayi mai kaɗa maka, za ta gaya maka man ya ragu.

Fatun sun yi wari, shanu sun gane su. Yanzu ni Gwadabe yake kamowa a hannu kowace safiya, ya tsayar da ni gaban saniya, ya ce, "Inna, ɗan kira ta mana, ke take ji." In kira sunanta, ta lashi hannuna, ta saki nono, shi kuma ya tatse, ɗanta yana kuka a ɗaure. Idan na ƙi fita, sai ya ja hantsar da ƙarfi har ta yi jini, ina ji daga ɗaki. Ban taɓa zaton muryata za ta zama abin yaudarar dabbar da na raina ba.

Saniyata Ƙyalla, wadda mahaifiyata ta ba ni kakarta, ɗanta ya kwanta tun jiya. Ka zo. Haza wasalam.

*

Goggo, gaisuwa. Fatake sun ƙara kwanaki, ba halin tasowa. Ki ƙara haƙuri kaɗan, don Allah. Lurwanu.

*

Daga Suwaibatu zuwa ga Lurwanu. Aminci.

An yanke gero, hanya ta buɗe. Ranar Laraba na kira liman da dattawan unguwa, aka ware shanuna a gabansu. Na ba da su kyauta ga Bubayero, mai ruga a bakin fadama, har da Ƙyalla da ɗanta. Ya karɓa, ya kora su, shaidu sun gani. Kai mai karatu ne, ka san kyautar da aka karɓa ba ta warwaruwa.

Maruƙan mahaifinka na kwance su da hannuna, sun sha sun ƙoshi. Abin da zai biyo baya tsakaninka da Allah ne.

Ba ni da saniya ko ɗaya yanzu. Ina ɗakina, na rufe ƙofa, ba mai ƙara kai ni garke. Haza wasalam.