Rabin Ƙwaya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɓerayenki. Na shiga gwajin sabon maganin hawan jinin nan da asibiti ke yi. Sun ce wasunmu ana ba su na gaske, wasu kuma fanko, ƙwaya ce kawai babu komai a ciki, wai likitan kansa bai san wa ya samu wanne ba. Wannan wane irin likita ne? Tunda ke ma aikin maganin zuciya kike yi, kina gwada shi a kan ɓeraye, ki bincika mini nawa. Jinina dai yana nan sama, ya ƙi saukowa.

Sannan wata tambaya tana cina. Ɓera da wane hannu ake auna jininsa?

Mamanki na gaishe ki. Jiri ke damunta kwanakin nan, jiya saura kaɗan ta kife a bakin famfo.

Ni ne mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. A wutsiya muke aunawa. Mukan sa ɓeran cikin wani ɗan bututu, mu ɗumama shi, mu zura wa wutsiyar ɗan zobe mai hura iska. In ya tsorata awon ya lalace, sai an lallashe shi kamar jariri.

Maganar ƙwayarka kuwa, ba ni da hanyar sani, kuma da gangan ake ɓoyewa don kada zato ya shiga awon.

Amma zancen Mama ya tayar mini da hankali. Ita ba ta taɓa hawan jini ba. Ɓerayena masu lafiya, in aka ba su irin wannan magani, haka suke tangaɗi su zube. Baba, na san ka. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ka sha kofin shayi ba tare da ka rage mata ba. Don Allah, ƙwayar nan kai kaɗai kake sha?

'Yarka, Auta.

Auta,

Gaisuwa. Ke dai kin cika bin diddigi. Maganin da aka ce yana gyara zuciya, ni in haɗiye ni kaɗai tana zaune tana kallona? Da reza nake raba shi, daidai wa daida. Ashe ke nan nawa na gaske ne! Kin ga na gano abin da likita bai sani ba.

Mahaifinki.

Baba,

Ka yafe mini, yau ba doguwar gaisuwa. Kada Mama ta ƙara sha ko ɓarɓashi. Jininta zai iya faɗuwa ta sume, naka kuma rabin magani ba zai riƙe shi ba. Ku tafi asibiti yau, ka faɗa musu komai. Tsoro nake ji, Baba.

Auta.

Autata,

Ina gaishe ki. Mun je. Likita ya riƙe kai, ya cire babanki daga gwajin, ya mayar da shi kan tsohon maganinsa. Jirina ya tafi. Na ƙwace rezar.

Yanzu yana haɗiye ƙwayarsa sukutum, yana harare-harare. Sai ya sha rabin ruwan, ya miƙo mini kofin. Ina shanyewa.

Ni ce, Mamanki.